Lakwal ɗin mayu: tarihin gardamar da aka sha kan fim ɗin Harry Potter

Ranar 16 ga watan Nuwamba na 2001 aka fara nuna fim ɗin Harry Potter na farko a gidajen sinima na Ingila da Amurka, Faransa kuma sai ranar 5 ga Disamba. Cikin kwana 3 na farko, a Amurka kaɗai, ya tara dala miliyan 90 da ƴan kai, abin da babu fim ɗin da ya taɓa yi kafinsa. Kwana 44 bayan fitowarsa, ranar 30 ga Disamba, wani fasto mai suna Jack Brock ya hura wuta a harabar cocinsa da ke Alamogordo, cikin jihar New Mexico, mabiyansa suka yi ta jefa littattafan Harry Potter a ciki. A ɗaya gefen titin kuma ɗaruruwan mutanen garin ne suka yi cincirindo suna yi musu ihu. Ƴan jarida sun tambayi faston ko ya karanta littafin, ya ce bai karanta ba.

Wannan gardama ce nake so in bi tarihinta yau, domin ba ta mutu ba. Tashar HBO ta Amurka tana sake ɗaukar labarin tun daga farko, kashi-kashi, da sababbin yara. Ina da yaƙinin ranar da ya fito, saƙonnin nan na murya za su sake cika mana WhatsApp, iyaye kuma su sake tambaya: a bar yara su gani ko a hana? Kafin mu amsa, ya kamata mu san wa ya ce mi, a ina, kuma don mi.

Ga wanda bai gani ba, labarin a taƙaice shi ne na wani maraya da ke hannun ƙanwar uwarsa ko yayarta, ita da mijinta suna wulaƙanta shi, suna kwantar da shi cikin wani ɗan lungu ƙarƙashin matakalar bene. Ranar da ya cika shekara 11 ya samu labarin cewa iyayensa masu sihiri ne, wani azzalumin matsafi ya kashe su, kuma an ba shi gurbi a wata makarantar kwana inda ake koyar da irinsa. Sauran duk rayuwar lakwal ce kamar yadda muka san ta: mushen da ya tsane ka ba dalili, ɗan mai kuɗi mai raina mutane, yarinyar da kullum hannunta ke sama, jarrabawa, horo, gasar wasa tsakanin ɗakunan kwana. Duk wanda ya taɓa zama a makarantar kwana a Damagaram ko Tawa zai gane mutanen nan tun kafin su buɗe baki.

Marubuciyar, J. K. Rowling, ta taɓa koyar da Faransanci a Edinburgh. Gidajen buga littafi 12 suka ƙi karɓar aikinta kafin wani mai suna Bloomsbury ya yarda, ya fitar da shi ranar 26 ga Yuni na 1997, kwafi 500 kacal na bugun farko mai kaurin bango. Sunan da ta ba shi ya danganci wani dutse ne da masanan da suka yi ta nema, wanda suka yi imani yana mayar da ƙarfe zinariya, yana kuma tsawaita rai. Ba ita ta ƙirƙiro shi ba. Tsohon zance ne na ilimin alkimiya wanda Turawa suka gada daga littattafan Larabawa irin su Jabir ɗan Hayyan, kuma daga wannan kalma ce muka samu tamu ta kimiyya. Har mutumin da labarin ya ce shi ya mallaki dutsen, Nicolas Flamel, ya rayu da gaske: magatakarda ne a Paris, ya mutu a 1418, gidan da ya gina yana nan tsaye har yau.

To, nan aka fara. Kamfanin Scholastic na Amurka, da ya sayi haƙƙin littafin kan dala 105,000, ya ga cewa yaran Amurka ba za su sayi littafi mai kalmar falsafa a bango ba, sai ya cire ta ya sa kalmar matsafi. Har lokacin ɗaukar fim, sai da aka yi ta maimaita duk wurin da aka ambaci dutsen sau biyu, ɗaya don Ingila, ɗaya don Amurka. A Faransa kuwa gidan Gallimard da mai fassara Jean-François Ménard suka watsar da dutsen gaba ɗaya a 1998, suka ce Harry Potter à l'école des sorciers. Da wannan suna ya iso mana, mu da turancinmu na Faransa. Ku riƙe wannan, zan komo kansa.

Gardama ta farko kan fim ɗin ba ta addini ba ce, ta masoya ce da masu sharhi. Kamfanin Warner ya zuba kamar dala miliyan 125, ya ba Chris Columbus jagorancin aikin bayan Steven Spielberg ya janye. Rowling ta kafe sai an ɗauki ƴan wasan Birtaniya da Ireland, aka kuma bi littafin kusan shafi-shafi har fim ya kai minti 152. Shahararren mai sharhin nan Roger Ebert ya ba shi tauraro 4 cikin 4. Wasu suka ce ai wannan ba fim ba ne, karatun littafi ne da hoto, an ji tsoron yara masu hadda har an kasa yin numfashi. Terry Gilliam, wanda Rowling ta so a ba aikin tun farko, daga baya ya ce finafinan Columbus lami ne. Su kuwa yaran da aka ji tsoro, ba su gode ba: suka yi ta lissafin abin da aka cire, wata fatalwa mai tsokana da aka ɗauka aka yanke, wani kacici-kacici da aka tsallake, da kuma babban laifi, wai idon Harry kore ne a littafi, na Daniel Radcliffe kuwa shuɗi. An gwada sa masa gilashin ido mai launi, idonsa ya ƙi.

Abin da ya fi ba ni dariya a wannan fanni shi ne na uku, wanda Alfonso Cuarón na Meksiko ya yi a 2004. Shi ne masu sharhi da yawa ke cewa ya fi sauran kyau, kuma shi ne ya fi sauran ƙarancin kuɗi cikin finafinai 8 da aka yi daga 2001 zuwa 2011. Gaba ɗayansu sun tara sama da dala miliyar 7, ba su ci Oscar ko ɗaya ba. Tun kafin fim ma, a watan Yuli na 2000, babban malamin adabi Harold Bloom ya rubuta a jaridar Wall Street Journal cewa masu sayen littafi miliyan 35 suna iya yin kuskure, kuma sun yi. Faransawa, kamar yadda suka saba, suka mayar da abin siyasa: a 2004 wani malamin adabi, Ilias Yocaris, ya rubuta a Le Monde cewa duniyar Harry Potter tallan jari-hujja ce, a 2007 masanin harshe Jean-Claude Milner ya ce a'a, yaron ɗan hagu ne. Wannan gardamar masu ƙoshi ce, ba ta hana kowa barci ba.

Wadda ta hana barci ta taso ne daga cocin Amurka masu ra'ayin riƙau. Hujjarsu ba ta wasa ba ce: babi na 18 na littafin Maimaitawar Shari'a ya haramta duba da sihiri ƙarara, ga kuma labari da ke nuna yara suna zuwa aji ana koya musu, suna samun maki. Ƙungiyar ma'aikatan ɗakunan karatu ta Amurka tana ƙidaya littattafan da aka fi kai ƙara don a cire su daga makarantu, Harry Potter ne ya zo na ɗaya daga 1999 har 2002, kuma shi ne na ɗaya a jerin shekaru 10 daga 2000 zuwa 2009. A Lewiston ta jihar Maine, da magabata suka hana wani fasto izinin hura wuta a 2001, sai ya zo da almakashi.

Amma ga wani abu da ya kamata duk mai tura saƙo a waya ya sani. A watan Yuli na 2000, wata jaridar barkwanci mai suna The Onion, wadda sana'arta ita ce ƙirƙirar labarin ƙarya don dariya, ta buga cewa littattafan sun sa yara suna tururuwa zuwa bautar Shaiɗan. Ta ƙago alƙaluma, ta ƙago yara, ta sa ma Rowling kalaman saɓo a baki. Manufarta ta yi ma masu tsoron littafin ba'a ne. Sai wani ya kwafe rubutun, ya cire sunan jaridar, ya tura ta imel a matsayin gargaɗi ga iyaye. Saƙon ya zagaye duniya, aka karanta shi a majami'u, aka fassara shi. Ni kaina an taɓa turo mini wani jikansa da Faransanci, shekaru da yawa bayan haka, an ƙara masa salati a farko da roƙon a yaɗa don Allah a ƙarshe. Wato raha ce ta Amurkawa marasa addini, ta bi ta hannun Kiristoci masu tsoron Allah, ta sauka a wayar Musulmi a Maraɗi tana sanye da rawani.

Maganar ta kai kotu. A Cedarville ta jihar Arkansas, hukumar makaranta ta ce yaro ba zai ɗauki littafin ba sai da takardar iyaye. Iyayen wata ɗaliba suka kai ƙara, alƙalin tarayya ya ba su gaskiya a watan Afrilu na 2003, aka mayar da littattafan kan kanta. A jihar Georgia wata uwa mai suna Laura Mallory ta yi shekara 2 tana fafutuka, daga 2005 zuwa 2007, da wata dabara mai kaifi: ta ce tun da dokar Amurka ta hana koyar da addini a makarantar gwamnati, kuma akwai masu addinin tsafi da doka ta amince da su, to littafin wa'azinsu ne, a fitar da shi. Ba ta yi nasara ba a kowane mataki. Ita ma ta ce ba ta karanta littattafan duka ba.

Kada a ɗauka Kiristoci bakinsu ɗaya. A Ingila, babban cocin Canterbury ya ƙi yarda a ɗauki fim a cikinsa, na Gloucester da na Durham suka ce bismillah. Dogayen barandun nan da kuke gani yara suna gudu ciki da baƙaƙen riguna, na coci ne. Wata guda bayan Harry Potter aka fito da fim ɗin The Lord of the Rings, shi ma da tsohonsa mai dogon gemu da sanda, amma da yawa cikin masu sukar na farko ba su ga laifin na biyu ba, tun da marubucinsa, Tolkien, sanannen ɗan Katolika ne. A fadar Vatikan, a watan Fabrairu na 2003 wani limami mai suna Peter Fleetwood ya gaya ma ƴan jarida cewa labarin yana taimaka ma yara su bambanta alheri da sharri. Wata guda bayan haka Cardinal Joseph Ratzinger ya aika ma wata Bajamushiya, Gabriele Kuby, wasiƙar yabo kan littafin da ta rubuta tana sukar Harry Potter. Wasiƙar ba ta yi ƙara ba sai a 2005 da ya zama Paparoma. A 2009 kuma, yana kan kujera, jaridar fadarsa ta yaba ma fim na shida. Ita Rowling, mai zuwa coci ce, a 2007 ta ce ta daɗe tana ɓoye alaƙar labarin da addininta ne don kada masu karatu su gano ƙarshensa.

A ƙasashen Musulmi ma haka abin ya rabu. A watan Fabrairu na 2002 ma'aikatar ilimi ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta hana littafin a makarantu masu zaman kansu, cikin jerin littattafai 26, amma aka ci gaba da sayar da shi a kantuna. A Masar kuwa gidan Nahdet Misr ne ya fassara shi zuwa Larabci, yaran Alƙahira suka karanta. Kuma ga Musulmi, wurin da ke sosa rai ba ɓoyayye ba ne: aya ta 102 cikin Suratul Baƙara, inda aka ambaci Haruta da Maruta, magana take kan koyar da sihiri da koyonsa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya kai nan, in ya ji an ce ga makaranta, ga malamai, ga darasin sihiri, dole gabansa ya faɗi. Ban ga laifinsa ba.

Mu nan, fim ɗin bai same mu a sinima ba. Lokacin da ya fito, yawancin gidajen sinimarmu sun riga sun mutu ko suna shure-shure. Ta kaset da faifai ya shigo, da tele ta masu parabol, da gidajen bidiyo na unguwa inda ake zama kan benci. Kuma bai taɓa kama ƙafar finafinan Indiya da na Kano ba. Ƴan lakwal ne suka fi saninsa. Ina tuna wata fada da aka kunna shi, wani dattijo ya tsaya daga baya ya tambayi sunan fim ɗin. Wani yaro ya fassara masa kai tsaye: “Baba, lakwal ɗin mayu ne.” Dattijon ya yi a'uziyya, ya ja jikansa suka tafi.

Yaron bai yi ƙarya ba, Faransancin ne ya cuce shi. Kalmar sorcier jaka ce da Bafaranshe ke zuba komi a ciki. Mu kuwa mun rarrabe. Akwai boka, mai saiwa da surkulle. Akwai matsafi, mai yanka ma wani abu. Akwai ɗan bori, akwai mai duba, akwai mai siddabaru da ke fitar da ƙwai daga hular mutum ranar kasuwa, kowa ya yi dariya ya jefa masa dala. Sannan akwai maye, wanda aka ce yana da ƙanƙara a ciki, yana kama kurwar mutum, wanda ake tilasta ma ya tsallaka marar lafiya a gaban jama'a. Kalmar da Ingilishi ya kira Harry da ita kuwa daga tushen hikima ta fito, tana nufin tsohon tatsuniya mai dogon gemu. Da yaron ya ce makarantar masu siddabaru, ina jin da dattijon ya nemi wurin zama. Sai dai in za a yi adalci, akwai inda fassarar ta dace fiye da yadda masoya fim ɗin za su so: a labarin ba kowa ke iya shiga makarantar ba, sai wanda aka haifa da abin, yawanci ta gado. Kunnen Bahaushe ya san abin da ake gada a nono.

Sai mujiya. Baturen da ya tsara labarin ya ɗauke ta tsuntsuwar ilimi, ya mayar da ita mai kai wasiƙa, ya ba marayan wata fara tas a matsayin kyautar ranar haihuwarsa. A gidanmu in ta sauka kan katanga da dare ta yi kuka, tsofaffi ba su komawa barci. Ba mu kaɗai ba ne. A Indunusiya sunanta na asali yana nufin tsuntsun fatalwa, amma masu bincike biyu na jami'ar Oxford Brookes, Vincent Nijman da Anna Nekaris, sun nuna a 2017 cewa cinikinta ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin tsuntsaye na Java da Bali, har ana kiranta tsuntsun Harry Potter. A Indiya, ministan muhalli Jairam Ramesh ya koka a 2010 cewa iyaye na saya ma ƴaƴansu mujiya saboda fim ɗin. Duk tsoron da aka yi na cewa yara za su koma matsafa, abin da aka iya ƙidayawa a ƙarshe shi ne mujiyoyi cikin keji.

Ni ra'ayina, tun da an zo nan, ban yarda fim ɗin yana koyar da sihiri ba. Kalmomin da yaran ke furtawa Latin ne da aka karairaya, kamar yadda yaranmu ke kwaikwayon Indiyanci a bakin rijiya. A 2019 wani limamin makarantar Katolika a Nashville ya cire littattafan yana cewa surkullen na gaske ne, alhali miliyoyin yara sun shekara 20 suna kaɗa tsinken tsintsiya suna faɗin su, ko fitila ɗaya ba ta kama ba. Kuma mu ba baƙin irin wannan labari ba ne. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, duka na 1934, cike suke da aljannu. Dare Dubu da Ɗaya a gidajen malamai aka fi samunsa. Moustapha Alassane namu ya yi fim ɗin Tula a farkon shekarun 1970 kan budurwar da aka ba abin ruwa don a samu damina. Med Hondo ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987 da labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, kuma ba a ɓoye tsafinta ba. Muna alfahari da ita, ba mu ce kallonta ya fitar da kowa daga addini ba. Ƙona littafi ma ba Amurkawa kaɗai suka iya ba: a watan Mayu na 2007 an ƙona littattafan soyayya na Hausa a Kano a gaban gwamna, ba su kuma daina fitowa ba.

Amma ba na cikin masu cewa fim ai fim ne, ba ya komi. Yana yi. A 1999, shekara 2 kafin Harry Potter ya shiga sinima, aka fitar da wani fim a kudancin Najeriya mai suna End of the Wicked, na cocin wata mai wa'azi, Helen Ukpabio. Shi ma yara ne da maita: suna barci, kurwarsu ta fita taron dare, su komo su halaka iyayensu. Bambancin shi ne wannan ba a sayar da shi a matsayin tatsuniya ba, an sayar da shi a matsayin faɗakarwa, masu kallo kuma suka ɗauka haka. A shekarun da suka biyo, a jihohin Akwa Ibom da Cross River, aka yi ta korar yara daga gida, ana dukansu, ana ƙona su, wasu aka kashe, da sunan mayu ne. Tashar Channel 4 ta Ingila ta nuna abin a watan Nuwamba na 2008, ƙungiyoyin kare yara suka ɗora ma fim ɗin wani kaso na alhakin, matar ta musanta, jihar Akwa Ibom ta yi dokar da ta haramta kiran yaro maye. Ban taɓa jin Fasto Brock ko wani mai turo mana saƙo ya ambaci wannan fim ba. Mu ma in mun duba unguwanninmu, wa ake nunawa da yatsa in jariri ya yi zazzaɓi? Tsohuwar da ba ta da ɗa namiji a kusa, ko baƙuwar amarya, ko yaron riƙo mai yawan shiru. Maraya mai kwana a lungu, a gidan ƴar'uwar uwarsa, wanda ake ganin abubuwan mamaki suna faruwa kusa da shi: a Ingila an yi masa fim 8, a wasu garuruwan da ba su yi mana nisa ba da tuni an tara masa jama'a.

Saboda haka in uwa ta tambaye ni, abin da nake ce mata shi ne ta zauna ta gani tare da ɗanta, ta kuma duba shekarunsa, domin daga na huɗu zuwa sama akwai kisa da duhu da ba su dace da ɗan shekara 7 ba. In ta gani ta ce ba ta so a gidanta, haƙƙinta ne. Abin da ba na karɓa shi ne hukuncin wanda bai gani ba, yana karanto mini barkwancin The Onion yana rantsuwa.

Daga baya gardamar ta sauya riga har ta wuce ganewa. A watan Oktoba na 2007, a wani taro a New York, Rowling ta ce shugaban makarantar, tsoho Dumbledore, mai sha'awar maza ne, abin da babu shi a fili cikin littattafan 7 ko finafinan 8. Masu adawa suka samu sabon makami, kuma na san wannan kaɗai ya isa ya rufe maganar ga da yawa cikin masu karanta ni. A 2016 ta ce Afirka ma tana da babbar makarantar sihiri mai suna Uagadou. Ƴan Afirka suka tambaye ta ko ta ɗauka nahiyar gari ɗaya ce, sai ta fayyace cewa a Yuganda take, ko da yake sunan ya fi kama da Wagadu, tsohuwar daular Gana, nan yammacinmu. A shekarar ce kuma wasu suka yi ca don an ba baƙar fata, Noma Dumezweni, matsayin Hermione a wasan daɓe na Landan. A ƙarshen Maris na 2019 wasu limaman Katolika a Gdansk ta ƙasar Polan suka ƙona littattafan tare da wata fuskar katako ta sassaƙar Afirka, bayan kwana kaɗan jagoransu ya nemi gafara.

Sai 2020, da Rowling ta fito ta ce jinsin da aka haifi mutum da shi gaskiya ne da ba a sharewa, ta soki wasu buƙatun masu sauya jinsi. Yaran da suka girma da labarinta, waɗanda suka tsaya a ɗaya gefen titi a Alamogordo ko ƴaƴansu, da yawa suka juya mata baya. Radcliffe da Emma Watson suka fito fili suka saɓa mata. Wasu tsofaffin masoya suka ƙona kwafinsu suka sa a intanet, masu ra'ayin riƙau na Amurka kuma, waɗanda iyayensu suka zo da ashana da almakashi, suka koma kare ta.

A watan Afrilu na 2025 HBO ta sanar da cewa Paapa Essiedu, ɗan Landan wanda iyayensa ƴan Gana ne, shi zai fito a matsayin Snape, mushen nan mai baƙar riga da Faransawa suka sa ma suna Rogue. Tun ba a ɗauki hoto ko ɗaya ba aka fara zaginsa a intanet, wasu don launin fatarsa, wasu don ya yarda ya yi aiki a labarin Rowling.